Kambun Yari Runji

Idan ka tambayi ɗaliban jinya na ƙasar Mafara wace malama suka fi tsoro, kafin ka rufe baki za su ce Malama Baturiya. Idan ka sake tambaya wace ce ta fi iya riƙe majinyaci, ita ɗin dai za su ambata, suna tura baki. Doguwar mace ce, fara, ana jin takunta tun daga bakin ƙofa. Ba ta dariya a bakin aiki, kuma farar rigarta kullum mai dogon hannu ce, ko da a zafin bazara ne da ƙadangare ma ke neman inuwa. Wasu suna cewa ustazanci ne. Ba ustazanci ba ne. Akwai abin da take rufewa a damtsenta na dama, kuma akwai wata mata da Baturiya ta yi shekara ashirin da ɗoriya tana jiran ta faɗo hannunta.

A Janbako aka haife ta, ƙasar Maradun, a gidan rundawa, wato mahauta, waɗanda ake ce wa ɗayansu runji. Sunanta na yanka Zulaihatu, amma da kakarta Kyauta ta ga jaririya ta fito fara sol a gidan da kowa baƙi ne wuluk, sai ta ce an kawo musu Baturiya, sunan kuwa ya zauna. Ita ce ɗiyar fari, ubanta Yari kuma mutumin da ne. Bai taɓa kiran sunanta ba, bai taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba. In ta shigo zaure yana ciki, nan take zai tuna yana da aiki a waje. Da aka yaye ta aka miƙa wa Kyauta, kamar yadda ake yi. In dole ta kama ya yi maganarta, sai ya ce “waccan.”

Amma duk ranar kasuwa, hanta mafi kyau ba ta hawa teburin Yari. A ɗakin Kyauta take sauka, da saƙon a ba yara, alhali yarinya ɗaya ce tak a ɗakin. Baturiya ta tashi ta san wannan hantar ita ce maganar ubanta, ba ta kuma taɓa jin ta rasa komai ba.

Yari yana da kambu a damtsen dama, hannun wuƙa. Tsohuwar fata ce da ta yi baƙi ƙirin saboda gumi da kitse. Ubansa ne ya ɗaura masa ranar da ya fara riƙe wuƙar fiɗa, shi ma a wurin nasa uban ya gada. Yari ya yarda shi ke hana wuƙa zamewa, shi ke kau da ƙahon bijimi. Ko yana tsare wani abu ko ba ya tsarewa, wannan tsakaninsa da Ubangijinsa ne. Abin da kowa ya sani shi ne tun yana saurayi kambun bai taɓa barin jikinsa ba, ko wanka zai yi.

Kyauta ce ta kafe sai yarinya ta yi boko, ta kuwa yi. A makaranta aka rubuta ta Zulaihat Janbako, da sunan gari, ita kuma ba ta gyara ba, don ta riga ta ji yadda ’yan mata ke toshe hanci in an ce ɗiyar runji, wai ƙarnin nama. Da ta shiga makarantar koyon aikin jinya, sai ga amfanin gidansu. Ranar da aka fara nuna musu rauni a buɗe, wasu suka yi amai, wata ta zube a sume, ita kuwa ko gezau, hannunta bai yi rawa ba. Malamai suka yi ta yabo, babu wanda ya tambayi inda ta saba da jini.

A shekara ta biyu aka tura su koyon aiki wani asibiti a ƙasar Mafara, ba sai an faɗi sunansa ba. Duk Talata, in kasuwa ta tashi, mai gadin asibitin zai kira ta ya miƙa mata balangu a ƙunshe cikin takardar siminti. Wani runji ne ke kawowa, in ji shi, ba ya ko shigowa, cewa kawai yake a ba waccan ta Janbako.

Mai kula da ɗalibai a asibitin ita ce Sista Farida. Asalinta ’yar Bakura ce, amma a Kaduna ta tashi, Hausarta ma ta can ce. Aiki kam ta iya, kada a zalunce ta. Jijiyar da ta ɓuya wa kowa ita ke samo ta, ɗakin da take riƙe kuwa ko ƙuda sai ya nemi izini. Sai dai ba ta gaisuwa. A ƙasar da ake tambayar gida da gajiya da sanyi da iyali kafin a ce me ke tafe da kai, ita za ta tsaya a kan dattijo ta ce, “Ina ke ciwo?” Ba ta riƙe sunan kowa, daga mai ƙafa sai mai kumburi. Abin da ta fi tsana a duniya shi ne laya. Tana cewa ƙazanta ce, jahilci ne, shirka ce, kuma in ta ga ɗaya a jikin majinyaci sai ta raba shi da ita.

Ana haka Yari ya taka tsinin ƙashi a mahauta. Ashe yana da ciwon suga bai sani ba. Ciwo ya ƙi warkewa, ya zama gyambo, har ƙaninsa Sadi ya ɗauko shi a babur ya kawo shi asibitin, aka ba shi gado a ɗakin maza. Da safe ɗalibai suka shigo bayan Sista, su goma sha wani abu, cikin fararen kaya. Idon Yari ya faɗa kan ɗiyarsa, ya juya fuska bango. Ita ma ta sunkuyar da kai. Kowannensu ya yi abin da ya dace da shi, shi ya sa duk ɗakin babu wanda ya san uba da ɗiya ne.

Sista ta zo za ta ɗaura masa abin awon jini, ta ɗage hannun riga, sai ga kambu.

“Baba, cire wannan ƙazantar,” in ji ta.

“Ranki shi daɗe, wanga ba a hidda shi,” Yari ya ce a hankali. “Na ubana na. Ga wanga hannu, ɗaura nan.”

Ya miƙa mata hannun hagu, lafiyayye, babu komai a kai. Da ta ɗaura a nan, da labarin nan bai samu ba. Amma Sista ta ga darasi ya kawo kansa. Ta juya ga ɗalibai ta yi musu bayanin ƙwayoyin cuta da ke kwana a irin wannan fata, da yadda mutanen ƙauye ke kashe kansu da kansu. Hannun Yari yana nan a miƙe, ba wanda ya kalle shi. Daga nan ta duba cikin ɗaliban.

“Ke, ’yar Janbako, ai mutanenku ne. Ɗauko almakashi ki yanke.”

Kalma biyu kawai za ta faɗa: ubana ne. Ba su fito ba. Kunya ta riƙe ɗaya, tsoron a kira ta ɗiyar runji ya riƙe ɗayar, ga kuma Sista da sa hannunta ke wuce da ɗalibi ko ya mayar da shi gida. Baturiya ta ɗauko almakashi daga tire. Fatar ta yi tauri, almakashin ya ƙi ci, sai da ta yi ta gurza. Abin da ba ta taɓa mantawa ba shi ne, da Yari ya ji tana fama, sai ya ɗan ɗaga damtsen ya saki jiki don kada ta wahala, fuskarsa tana bango. Kambu ya faɗi a kan zanin gado. Inda ya tashi fatar hannun fara ce fat, irin tata. Sista ta sa ɗan ƙarfen kama auduga ta ɗaga shi sama kowa ya gani, ta jefa a kwandon shara. Wasu ɗaliban suka yi dariya.

Da aka wuce gado na gaba, Baturiya ta koma kamar za ta zubar da shara, ta tsamo kambun daga cikin auduga mai jini, ta naɗe shi a bandeji, ta sa a aljihun riga. Sannan ta je gaban Sista ta ɗan rusuna.

“Sista, akwai sauran aiki?” ta tambaya, muryarta sumul.

Kafin la’asar gadon Yari ya zama wayam. Ya sa Sadi ya mayar da shi Janbako, ya rantse ba zai sake taka asibiti ba. An yi lallashi, an yi faɗa, limamin gari ma ya sa baki, ya ƙi. Baturiya ta aika masa da kambun ta hannun Kyauta, ya duba ya ce abin da aka yanke an yanke, a mayar wa waccan. Ƙafa ta ruɓe har gwiwa. Kafin a yanke gero Yari ya cika.

Ranar sadakar uku Sadi ya ja ta gefe. “Ya bar miki saƙo,” in ji shi. “Yac ce, ku ce ma Zulai ba laihinta ba na.”

Sau ɗaya ke nan a duniya da ubanta ya kira sunanta, ba ta kuma wurin. Ba ta yi kuka a gaban Sadi ba. Ta kai kambun wurin baduku ya ɗinke, ta ɗaura a damtsenta na dama, ta yi wa kanta alkawari: sai Sista Farida ta kwanta a gado tana roƙo da ido, a gaban ɗalibai, an ƙi kallon hannun da ta miƙa.

Da wata ce, da sai ta je ta zazzage wa Sista rashin mutunci a huta. Baturiya ba haka take ba. Ta gama makaranta, aka ajiye ta a ƙarƙashin Sista ɗin, ta yi shekaru tana riga kowa gaishe ta, tana karɓar mata jaka, tana kai mata kilishi da salla. Da Sista ta haifi autarta Mufida, Baturiya ce ta wuni tana rabon tuwo a gidan suna, har ta goya jaririyar. Sista tana faɗa wa mutane duk cikin yaran da ta koyar babu mai biyayya kamar Zulaihat. Mai kambu kuwa ta manta da shi tun a makon, don irinsa nawa ta yanke?

Daga baya aka tura Baturiya ƙaramin asibitin Faru, sannan Garbadu. Ta auri wani malamin firamare, Kamilu, ta haifi ’ya’ya uku, ta koma ƙarin karatu ta fito malamar jinya. Kamilu kaɗai ya san abin da ke damtsenta. Ya sha ce mata ta bar wa Allah.

“Ta lahira na bar mishi,” take cewa. In ranta ya ɓaci, Hausar Janbako ke dawo mata. “Ta duniya tawa ta.”

Darasin da ya yi mata suna shi ne na al’ada da kula da majinyaci, wanda sauran malamai ke karantowa daga littafi ɗalibai suna gyangyaɗi. Ita ba ta buɗe littafi. Ɗalibin da ya taɓa majinyaci bai gaishe shi har iyalinsa ba, waje zai koma ya sake shigowa. Tana gaya musu Bafulatanar da aka kawo daga ruga tana naƙuda ba ta ko nishi, kada wawa ya rubuta ba ta jin ciwo, a duba gumin goshinta da yadda ta damƙe ƙarfen gado. Matar Inyamurin da ke sayar da kayan babur a tasha in ta ce sai an bar mata carbinta mai gicciye, a bar mata, in ’yan cocinsu sun zo addu’a a ja musu labule maimakon a kore su. Dattijon da ya ce mace ba za ta ga tsiraicinsa ba, a nemo masa nas namiji, ba zagi ya yi ba. Da ’yan bindiga suka fara tayar da ƙauyukan Maradun, asibiti ya cika da mutanen da ƙarar rufe ƙofa ke sa su faɗa ƙarƙashin gado, sai ta ƙara da koyar da yadda ake shiga ɗaki da sallama a hankali.

Laya kuwa darasinta daban ne. A tambayi mai ita. A goge ta, a rufe da auduga da filasta. In tiyata za a shiga dole sai an cire, shi zai kwance da hannunsa ya zaɓi wanda zai riƙe masa. Kowace shekara sai ta ba sababbin ɗalibai labarin wani runji da wata sista da wata ɗaliba, ba ta kama sunan kowa. Tana gamawa ta ɗaga hannuwanta ta ce, “Mutum hannu biyu gare shi.” Ɗalibai har kwaikwayonta suke yi a ɗakin kwana.

Mutane da yawa sun warke saboda ita, wannan gaskiya ce. Akwai tsofaffi daga Janbako da Faru da ba sa yarda a kwantar da su sai an ce yaran Baturiya ne a ɗakin. Amma kada ka ɗauka tausayi ne kaɗai ke tuƙa ta. Duk majinyacin da ta kyautata wa, a zuciyarta mari ne ta kai wa Sista Farida, wadda a lokacin ta yi ritaya ta koma Bakura tana ta zuwa Umara.

Sai ga Mufida ta shigo makarantar, da gaisuwar uwarta a baki: Mama ta ce a kula mata da ni. Yarinya ce shiru-shiru, mai ƙoƙari, ba ta da girman kan uwarta ko kaɗan. Wannan bai cece ta ba. Baturiya ta kula da ita kam. Gadon da Mufida ta gyara sai an yaye ta sake. In ta yi tambaya, ba ta karatu, in ta yi shiru, girman kai ne. A gaban majinyata ake yi mata tsawa, kuma ba a taɓa yi mata abin da za ta iya kai ƙara ba, don Baturiya ta san iyakar doka sarai. Cikin shekara biyu yarinyar ta koma in Malama ta buɗe baki, hannunta ya fara aikin kafin maganar ta ƙare. Kamilu ya ce wannan kuma zalunci ne, yarinya me ta yi? Baturiya ta ce ita ma da aka sa ta, me ta yi?

Ranar da take jira ta zo da damina. Jinin Sista Farida ya hau, ta faɗi a banɗaki, ɓarin dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta ɗauke. Aka kawo ta asibitin da ɗalibai ke koyon aiki, aka kwantar a ɗakin mata. Mai jinyarta yayarta ce, Taiba, tsohuwar da ba ta taɓa barin Bakura ba. Da Taiba ta ji likita ya ce sai a hankali, ba ta yi shawara da kowa ba, ta samo laya wurin wani malami ta ɗaura wa ƙanwarta a damtsen da ya mutu. Ka san abin mamaki? Matar da ta cika kwanduna da layun mutane ba ta ture ba. Hannunta mai rai kullum yana kan layar, ko barci take.

Baturiya ta gani tun ranar farko. Ta koma gida ta kasa cin abinci don murna.

Washegari da hantsi ta shigo da ɗalibai, ta wuce gadaje uku ba ta tsaya ba, ta ja birki a na Sista. Ta gaishe ta gaisuwa mai tsawo, ta tambayi jiki, ta tambayi kwana, ta tambayi mutanen Bakura da ruwan bana. Idon Sista ya yi haske da ta gane ta, gefen bakin da ke motsi ya ɗan ɗaga. Baturiya ta roƙi Taiba ta je ta karɓo magani a tagar ɗakin magani, tsohuwa ta fita.

“Kun san labarin runjin nan,” ta ce wa ɗalibai. Suka gyaɗa kai. “Yau za ku ji sunaye. Runjin sunansa Yari, na Janbako. Ɗalibar da ta yanke kambun ni ce. Ubana ne.”

Har masu jinya a sauran gadaje suka bar abin da suke yi. Ta juya ga gadon, Hausar gida ta dawo mata.

“Sista, kin tuna shi? Ba ki tuna ba, na sani. Ya miƙa miki hannun hagu, kinka ƙi dubawa. Ranar yab bar asibiti, bai sake komowa ba, ƙahwa ta ruɓe mishi har yam mutu. Ni kinka sa, ni ɗiyatai ta fari.”

Idon Sista ya yi ta yawo a fuskarta, sannan ya tsaya cak. Ta tuna ko ba ta tuna ba, ta dai gane abin da ke zuwa, don yatsunta sun ƙanƙame layar.

Baturiya ta ɗauki almakashi daga tire ta miƙa. “Mufida. Awon jini za mu yi. Yanke wannan ƙazantar.”

Duk wanda ke tsaye a wurin ya san ba a awon jini a hannun da ya shanye in ga mai lafiya. Ita ce ma ta koya musu. Kuma a gaskiya ba ta yi niyyar a yanke ba. Abin da ta shirya tun a gida shi ne ta bari almakashi ya taɓa fata, ta ga idon Sista yana roƙo, sannan ta ce ajiye, ta ɗaga hannuwa ta faɗi maganarta ta kullum. Da haka ta rama, ta kuma fi Sista, a gaban kowa.

Mufida ta karɓa. Ta zagaya gefen dama. Sista ta saki layar, ta ɗaga hannun hagu da ƙyar ta miƙa wa Baturiya, tana wani gurnani da ba kalma a ciki, hawaye yana bin gefen da ya karkace. Ga shi nan, abin da aka yi shekara ashirin ana jira, har da hannun. Baturiya ta buɗe baki za ta ce ajiye, sai daɗin abin ya riƙe mata harshe. Ta ce a ranta bari ta ƙara kallo kaɗan.

“Mama, yi haƙuri,” Mufida ta ce ƙasa-ƙasa.

Sabuwar laya ce, zarenta ba tauri. Ƙas ɗaya almakashi ya yi.

Me take tsammani? Shekara biyu ta yi tana koya wa yarinyar nan kada ta jira ƙarshen magana. Layar ta gangara ta faɗi ƙasa. Sista ta sauke hannunta, ta juya fuska bango. Babu wanda ya yi dariya. Baturiya ta nemi maganar hannu biyun nan a bakinta ta rasa.

Mufida ta durƙusa ta ɗauki layar. Ta yago bandeji daga tire, ta naɗe ta tsaf, ta sa a aljihun riga. Ta mayar da almakashi wurinsa, ta zo gaban malamarta ta ɗan rusuna, idonta a bushe.

“Malama, akwai sauran aiki?”

Baturiya ta dube ta. Ta san muryar nan, tata ce.

Da Taiba ta dawo ta ji abin da aka yi, ta tsine wa asibitin da duk wanda ke cikinsa, ta kira mota. Likita ya yi magiya a banza. Aka mayar da Sista Bakura, inda babu mai juya ta a kan lokaci, babu mai gasa mata gaɓoɓi. Bayanta ya yi gyambon kwanciya, kafin lokacin kaka ya zo ta rasu. Hukumar makaranta ta kira Baturiya ta yi mata faɗa a ofis, magana ta mutu a nan, don Mufida da aka tambaya cewa ta yi ita ba ta da ƙorafi, darasi ne aka koya musu. Baturiya ta je gaisuwar mutuwa Bakura, Mufida ce ta shimfiɗa mata tabarma ta kawo mata ruwa.

In ka tambaye ta ko ta huce, za ta ce ta huce, kuma ba ƙarya take ba. Ta ce ranar ce ta fara barci ba ta ga bayan kan ubanta yana kallon bango ba. Har yau tana koyarwa, har yau tsofaffin Janbako ita suke nema. Labarin runji ne kawai ta daina bayarwa.

Mufida kuwa ta gama da sakamako mafi kyau a ajinsu, ta roƙa a bar ta a asibitin, a ƙarƙashin Malama. Ita ke riga kowa gaishe ta, ita ke karɓar mata jaka. Da salla har dambun nama ta kai mata.

Kwanan baya, ana cikin zagayen safe, jiri ya ɗebi Baturiya, ta dafa ƙarfen gado. Shekaru sun fara ja, jininta ita ma ya fara hawa. Aka zaunar da ita a kujera, aka ce a kawo abin awo. Mufida ce ta kawo. Ta durƙusa a gefen dama, ta ɓalle maɓallin dogon hannun rigar nan, ta naɗe shi sama tun kafin Baturiya ta farga. Sai ga kambu, baƙi ƙirin, da tabon ɗinkin baduku a inda aka taɓa yankewa.

Mufida ta daɗe tana kallonsa. Kan almakashinta yana leƙowa daga aljihun ƙirji. Ta sa yatsa ta shafa ɗinkin, sannan ta sauke hannun rigar a hankali, ta mayar da maɓalli, ta zagaya hagu.

“Kawo wannan, Malama,” ta ce da muryar nan sumul. “Mutum hannu biyu gare shi.”

Ɗaliban da ke wurin suka yi ta sha’awar tarbiyyar yarinyar. Baturiya kaɗai ta san ba yafiya ba ce, don ita ma ta yi shekaru tana irin wannan ladabi. Yarinyar ta ga inda za ta yanka, ba ta kuma gaggawa. Baturiya ta miƙa mata hannun hagu, Mufida ta ɗaura ta fara matsa iska.